Gwiwar Direban Bas

Madam Dorina ta ɗebo narkakken kakin kyandir daga tukunya, ta shimfiɗa shi a gwiwar Traian kamar mai shafa man shanu a burodi. Ta naɗe da leda, ta rufa bargo, ta murɗa ɗan agogon da ke bakin taga. Traian ya lumshe ido, ya sauke dogon numfashi.

"Wannan shi ake kira magani," in ji shi. "Tun da na faɗi ban ji daɗin duniya irin na yau ba."

"Bari ka ɗanɗani lantarki tukuna," in ji Gligor, tsohon da ke gadon kusa, wanda ya yi shekaru yana kawo bayansa gashi duk bazara da kaka. "Sai ka ji kamar tururuwa ke biki a jikinka."

"To, bayan naka ya warke?"

"Wa ya ce maka warkewa nake zuwa yi? Matata nake gudu."

Ɗakin ya kwashe da dariya, ban da Otilia. Tana tsaye a ƙarshen gadon rungume da tawul, tana kallon tudun da ƙafar mahaifinta ta yi a ƙarƙashin bargo, miƙe sambal kamar itacen da aka sare. Ɗaliba ce a shekarar ƙarshe ta karatun gashin ƙashi. Jami'a ta turo ta wata uku ta koyi aiki a asibitin ruwan zafi na garinsu, sai ga shi marar lafiyan da aka fara kwantarwa a gabanta shi ne mutumin da ya biya mata kuɗin karatun.

Traian ya kusa shekara talatin yana tuƙa bas ɗin gari. A tsakiyar hunturu santsin ƙanƙara ya kwashe shi a ƙofar garejin kamfani, ƙoƙon gwiwarsa ta dama ya tsage, wato ƙafar totur da birki. An yi masa aiki a babban birnin lardi, aka ɗaure ƙashin da waya, aka sa siminti. Ranar da aka fasa simintin, likitan tiyata, wani matashi mai sauri kamar jirgi zai bar shi, ya yi musu magana yana tafiya.

"Ƙashi ya haɗe. Yanzu a dinga lanƙwasa ta kullum, ko da ciwo. In aka bar ta wata biyu haka, to haka za ta zauna."

A baki ya faɗa. A takarda kalma ɗaya ya rubuta: gashi.

Bayan bikin Ista likitan kamfani zai zaunar da Traian a kujerar direba, ya ce ya ɗauke ƙafa daga totur ya taka birki. In gwiwar ta lanƙwasu, ya koma aiki. In ta ƙi, a sallame shi da fanshon nakasassu, saura shekara kaɗan ya kai ga cikakke. Kowa a gidan ya san wannan. Bambancin kawai, Traian da matarsa Veta sun ɗauka yanzu magani ya kankama, ita kuwa Otilia tana ganin kowane kwanan da ya wuce a ƙarƙashin bargo asara ne.

Ba don asibitinmu bai san aikinsa ba. Ya sani sarai. Tun da aka rufe masana'antar gilashi, ruwan zafin da ke fitowa daga ƙasa da taɓon da ake shafa wa masu ciwo su ne arzikin garinmu, kuma tsarin ɗaya ne da na kowane asibiti irinsa a Romaniya. Likita ta rubuta, ma'aikaciya ta danna maɓalli, ɗaliba ta ɗauki tawul. Asusun inshorar lafiya yana biyan kwana goma, kuma na'ura yake ƙirgawa, ba gwiwa ba. Akwai ɗakin motsa jiki a ƙarshen baranda. Katakon da aka kafa a bangonsa don masu koyon tsayuwa yana da amfani ƙwarai, a nan ake shanya zannuwan gado.

Agogo ya kaɗa. Madam Dorina ta ɓare kakin, gwiwar ta fito ja, tana tururi, a miƙe.

"Ka gani? Har ta yi kyau," in ji ta. "'Yan mata, kai Baba ɗakin maganaɗisu."

*

A jami'a an koya wa su Otilia darasi guda mai suna aiki bisa hujja. Malamin ya karanto musu shi daga bango, suka kwafa, suka haddace cewa kada ma'aikaci ya yi abu don kawai haka ya tarar ana yi, suka rubuta hakan a jarrabawa, suka ci. Ranar sallama kuma malamin nan ya ba su shawara ta uba: kowa ya je asibiti ya kama bakinsa, ya dawo da sa hannu.

Duk da haka ta nema. Lokacin hutun rana, sauran ɗalibai na shan taba a bayan ɗakin wanki, ita tana zaune a matakala da waya. Kowane bincike sai ya nuna mata ɗan taƙaitaccen bayani, in ta nemi sauran ya ce ta kawo katin banki. Laburaren jami'a ya daina biyan kuɗin mujallun tun bara, ana jiran kasafi. Turancinta na waƙoƙi ne da finafinai, ba a taɓa rera sunan jijiyar cinya a cikinsu ba. Amma abin da ta tsinta, layi-layi, duk bakinsu ɗaya: gwiwa irin wannan motsi take so, da wuri, da hannu, kullum. Ɗumi ɗan share fage ne. Maganaɗisu kuwa, an gwada shi a kunne an gwada a kashe, marasa lafiya sun ji daɗinsa daidai wa daida.

Ta sami Madam Dorina a ɗakin shan kofi, ta tuɓe takalma ta ɗora ƙafafu a kujera.

"Madam, in yi tambaya?"

"In dai ba ta aure ba ce, yi."

"Gwiwar Baba. Yaushe za a fara lanƙwasa ta?"

"Me likita ta rubuta?"

"Kaki, lantarki, maganaɗisu, da motsa jiki na rukuni."

"To wanne ne ba ki gane ba a ciki?"

Motsa jiki na rukuni shi ne a jera tsofaffi a kan benci, masu ciwon wuya da masu ciwon ƙugu da masu shanyewar ɓarin jiki, su ɗaga hannu sama su sauke, ana kiɗa a rediyo. Traian ya fi kowa iya ɗaga hannu.

"Likitan tiyata cewa ya yi..."

"Likitan tiyata ya yanka ya ɗinke ya tafi. Nan gidan Dakta Rusan ne. Ranar Alhamis za ta zagaya, in kina da ƙarfin hali ki gaya mata. Ki bari in matsa gefe tukuna, farar rigata sabuwa ce."

Dakta Rusan ta haura sittin, kullum da 'yan kunnen lu'ulu'u, kuma a ƙuruciyarta ta rubuta ɗan littafi kan falalar taɓon garinmu, wanda har yau ake sayarwa a bakin ƙofa tare da katin gaisuwa. Ba muguwa ba ce. Ta san sunan jikokin kowane marar lafiya. Ranar Alhamis ta iso gadon Traian, ma'aikata na biye da ita, ta dafa gwiwar da yatsa biyu, ta gyaɗa kai.

"Ranki ya daɗe," in ji Otilia. Muryar ta fito siririya, ba irin wadda ta yi ta gwadawa a banɗaki ba. "Na karanta cewa gwiwa irin wannan, in ba a lanƙwasa ta da wuri ba, naman ciki yana mannewa."

"A ina kika karanta?"

"A wasu bincike. Daga Holan, da Kanada."

"Kin karanta su duka?"

"Taƙaitawarsu na samu."

"Taƙaitawa." Dakta Rusan ta juya ta kalli ma'aikatanta, su ma su ɗanɗani kalmar. "Ni kuma gwiwoyi na karanta, cikakku, tun kafin uwarki ta san ubanki. Mutanen Holan a kan keke ake haihuwarsu, 'yan mata. Wannan gwiwar tamu ce, ta sha sanyi, ta sha wahala. Sai an lallaɓa ta, ta huce, sannan ta saki da kanta. Shekara ta nawa kike?"

"Ta ƙarshe."

"Madalla. Ni ce zan sa hannu, ko an canza?"

"Ke ce, ranki ya daɗe."

Traian ya yunƙura daga kwance, kunnuwansa sun yi ja.

"A yi haƙuri, Madam Likita. Yarinya ce, karatu ya yi mata yawa."

"Ba laifi. Yana sauka da kansa."

*

A kan teburin kicin suka fara. Da la'asar, bayan Veta ta kwashe kwanonin tuwon masara da miyar wake, don ana cikin azumin Ista, ba a cin nama, Otilia ta sa mahaifinta ya zauna a bakin teburin, ƙafar na reto. Ta zauna a ƙasa, ta riƙe idon sawun da hannu ɗaya, ta dafa cinyar da ɗaya, ta tura a hankali.

Ihun da Traian ya yi sai da maƙwabcin bene na sama ya buga bututun ɗumama ɗaki da cokali.

"Ke! Ubanki ne fa, ba kaza ba!"

"Ka ja numfashi, Baba. Kaɗan ya rage."

"Na ji wannan kaɗan ɗin a bakin uwarki ranar da muka fara gyaran banɗaki."

Veta na tsaye a bakin ƙofa tana zana gicciye a ƙirjinta.

"Otilia, a asibiti mutum yana fitowa da murmushi. Ke kuma kin sa shi kuka kamar jariri. Wanne ne magani a ciki?"

"Mama, ki fita don Allah."

"Daga kicin ɗina?"

Kullum haka. Kuma gwiwar ta soma ji. Da farko diddigen bai ko kusanci ƙafar teburin ba, bayan mako guda ya matso har Veta da kanta ta daina cewa ba ta ga bambanci ba, ta koma cewa aikin maganaɗisu ne. Traian ya fara saukowa matakala ba tare da ya jefa ƙafar gefe ba. Wata rana ma Otilia ta kama shi a kujerar falo, yana taka birkin da babu, yana kallon madubin da babu.

Sai dai gwiwar takan kumbura bayan kowane zama, ta ɗauki zafi. Taƙaitattun bayanan sun ce hakan na faruwa. Ba su ce kumburi nawa ne daidai ba, nawa ne ya yi yawa. Ba su ce ƙarfi nawa za ta sa ba, ko yadda hannu ke gane ciwon da ke buɗe gaɓa daga ciwon da ke tsinka waya. Wannan yana cikin shafukan da ke bayan katin banki, ko a hannun wani gwani da zai tsaya a kanta ya ce ƙara, ko ya ce ya isa. Ita a gwiwar 'yar ajinsu ta koya, lafiyayyar gwiwa mai zuwa rawa duk Asabar. Duk lokacin da ta tura sai ta kasa kunne, tana sauraron wata 'yar ƙara da za ta ce ta gama da ubanta. Ta kira ofishin likitan tiyata, aka ce ya tafi Jamus, ba hutu ba. Ta rubuta wa malaminta na jami'a, ya amsa da layi ɗaya: ta tuntuɓi mai kula da ita a asibiti.

Da safe ta shafa wa gwiwar kaki a matsayin ɗaliba, da la'asar ta lanƙwasa ta kamar mai aikata laifi.

*

Kwana goman inshora sun kusa cika. A garinmu kowa ya san abin da ake yi a nan: iyali su je su gaida likita, a ƙara wa mutum wasu kwanaki, in hali ya yi a ƙara na'ura. Ba cin hanci ba ne, mu ba ma ba da cin hanci. Gaisuwa ce, kuma gaisuwa ba ta zuwa hannu rabbana. Veta ta ji cewa Gligor na'ura biyar ake sa masa, mijinta uku, abin ya tsaya mata a rai. Ta sa rigar zuwa coci, ta ɗauki ƙunshin kofi mai kyau da kwalbar zumar ƙanenta, ba ta gaya wa kowa ba.

An karɓe ta da fara'a. Dakta Rusan ta tura kayan cikin durowa da gwiwarta, wadda ke lanƙwasuwa lafiya lau, ta tambayi lafiyar gida. Veta kuwa in aka yi mata fara'a ba ta iya riƙe komai.

"Mun gode Allah, mun gode miki. Ita ma yarinyar tana ƙoƙari, kullum sai ta murɗe masa ƙafar a kicin. Sai dai kumburin nan, Madam Likita, ko akwai na'urar da ke sauke shi?"

Kafin azahar an tara kowa a gadon Traian, har da sauran ɗalibai, don darasi ba ya wuce Dakta Rusan. Ta yaye bargon.

"Kowa ya taɓa. Ku taɓa, kada ku ji tsoro. Me kuka ji?"

"Zafi," in ji ɗalibai.

"Zafi. Wannan shi ne Holan." Ta juyo ga Otilia. "In wayar ta tsinke, wa zai amsa? Ke? Da wane lasisi? Ko mutanen Kanada za su zo su tsaya a gaban hukuma?"

Otilia ta buɗe baki. Tana so ta ce a duba yadda ƙafar ke lanƙwasuwa yanzu, a gwada da ranar da ya zo. Amma ba wanda ya auna ranar da ya zo, ba a biyan kuɗin awo. Tana so ta ce ta tabbata. Ba ta tabbata ba, kuma Dakta Rusan, wadda ba ta taɓa shakkar komai ba tun zamanin da ta rubuta littafin taɓo, ta hango hakan a fuskarta.

"Malam Traian, kai babba ne. Ko dai a yi maka magani a nan, ko a kicin. Zaɓi."

Traian ya kalli 'yarsa, ya kalli farar rigar da 'yan kunnen.

"Ni direba ne, Madam Likita. Hanyar da aka zana mini nake bi."

Aka ɗaure ƙafar cikin wani abin roba da ƙarfe mai hana motsi, mako biyu, ta huta. Aka ƙara masa kwana goma da na'ura biyu. Veta ta fito tana share hawayen godiya, zumar ba ta tafi a banza ba. Otilia kuma aka mayar da ita ɗakin ƙasa, inda ake dafa taɓo, aka ce za a duba maganar sa hannunta in lokaci ya yi.

*

Ɗakin taɓo ba taga, warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Aikinta ta cika bokiti, ta kai, ta dawo da shi, ta wanke. A mako na biyu Madam Dorina ta sauko neman wurin shan taba inda ba a gani. Ta zauna a kan bokitin da aka kife.

"Har ina kika kai gwiwar?"

Otilia ta nuna da hannunta, ta lanƙwasa gwiwar hannu kusan rabi.

"A mako ɗaya? Ba laifi." Ta busa hayaƙi. "Da kin ɗora ƙanƙara bayan kowane zama, da kumburin bai kai haka ba. Kuma ba a turawa daga idon sawu kaɗai, sai an fara sassauta ƙoƙon da yatsu."

Otilia ta ajiye bokiti.

"Kin sani."

"Me kika ɗauke ni? An taɓa tura ni kwas, wata biyu, ina da ƙuruciya. Na dawo da zafina kamar ke."

"To me ya sa ba ki faɗa ba? Kina tsaye a wurin!"

"Rage murya, 'yan mata. Gwiwa ɗaya irin ta ubanki za ta cinye mini kusan awa, da hannuna biyu, ga gumi, ga zagi. Inshora ta rubuta ɗaya. A wannan awar na danna maɓalli goma, ta rubuta goma, kowa ya fita yana sa mini albarka. Layi har matakala. Wa zan kora? Gligor?" Ta murƙushe tabar a gefen bokiti. "Kuma saura mini shekara biyu in yi ritaya."

"Ki zo gida. Sau ɗaya kawai, ki nuna mini."

"A garin nan? Kafin in cire takalmi labari ya kai ofis. Uwarki ma ta isa gidan rediyo." Ta miƙe tana dafa ƙugu. "Ki karɓi sa hannunki, ki tafi inda ake biyan hannu. Duk masu kai sun tafi."

Ranar da aka kwance abin ɗaurin, gwiwar ta fito a sanyaye, ba kumburi, fari tas, kyakkyawa. Duk abin da aka samu a kan teburin kicin ya koma. Da la'asar Otilia ta share teburin, ta fito da ledar ƙanƙara daga firji, ta tsaya.

"Baba, zo. Na san kuskuren da na yi. Har yanzu akwai sauran lokaci, kaɗan."

Traian na zaune a falo, ƙafar a kan 'yar kujera. Bai juyo ba.

"Mayar da ƙanƙarar, za ta narke."

"Baba, bayan Ista za su gwada ka."

"Na san ranar, ba sai kin tuna mini ba."

"To me kake jira? Ka ga fa tana tafiya. Da idonka ka gani."

"Na gani." Ya murza gashin baki. "Gobe in na je da kumburi, matar nan za ta taɓa da yatsa biyu ta gane. Ke kuma ki maimaita shekara, ko su kore ki. Shekara huɗu ina tashi tun duhu ina ɗumama injin don wannan sa hannun."

"Ba a kan sa hannu ake magana ba, a kan ƙafarka ake!"

"Ƙafa biyu gare ni. Ke kuma ke kaɗai ce." Ya ɗauki abin canza tasha. "Kuma wa ya sani, ƙila matar ta fi ki gaskiya. Na'ura biyar fa. Ba za a ce duka biyar ɗin ƙarya suke ba."

Veta ta leƙo daga kicin.

"Ka gaya mata dai. Ke kuma matsa mini daga teburin nan, ƙwan Ista zan rina."

Otilia ta tsaya da ledar a hannu har ruwa ya fara ɗiga a kan silifas ɗinta. Tana iya yin gardama. Tana iya kuka, ta san ba ya jure kukanta. Amma a can ƙasan ranta, inda ba ta son dubawa, wani abu ya saki: ba za ta sake tura ƙafar nan tana jiran ƙarar waya ba. Ta mayar da ƙanƙarar firji.

*

Gwajin likitan kamfani bai ɗauki lokaci ba. Traian ya hau kujerar direba da taimakon mutum biyu, aka tura kujerar baya iyakar tafiyarta, ƙafar ta wuce birki ta tokare jikin mota. Likitan ya ce ya yi baƙin ciki, kuma da alama ya yi. Sabon likitan tiyata a birnin lardi ya ce naman ya riga ya manne. Ana iya sa shi barci a karya mannewar da ƙarfi, akwai layi, wataƙila baɗi, kuma bai yi alkawarin komai ba. Ya tambaya me ya sa ba a motsa ta ba. Veta ta lissafa masa na'urorin ɗaya bayan ɗaya.

Otilia ta sami sa hannunta. Goma bisa goma. Dakta Rusan ta ƙara da alƙalaminta cewa ɗalibar ta nuna ci gaba sosai wajen ladabi da fahimtar aiki.

Ranar da ta karɓo, iyayenta suka zo tarbarta a ƙofar asibiti, suka hau bas zuwa gida. Layin Traian ne. Sabon direban, wanda shi ya koya wa aiki, ya rufe na'urar tikiti da tafin hannu.

"Haba maigida, kai da motarka? Zauna gaba."

"Kana taka birki kamar mai kashe kyankyaso," in ji Traian. "Tun daga kwana nake jin ka."

Ya zauna a kujerar gaba ta gefen hanya, don nan kaɗai ƙafar ke samun wuri. Ƙafar ta miƙe ta tare tsakiyar motar. Masu shiga suna tsallakewa, wasu su ce sannu, wasu su yi tsaki. Wata tsohuwa a kujerar baya, hannunta ɗaya manne da ƙirji, ta taɓa kafaɗar Veta.

"Baiwar Allah, a ina aka yi masa magani? Kafaɗar nan tawa wata uku ba ta ɗaguwa, ko gashina ba na iya tajewa."

"Asibitin ruwan zafi. Ba su rage masa komai ba, komai an yi masa. Ga ma 'yata nan, a can ta koyi aiki, yau ta karɓo goma bisa goma. Otilia, gaya wa Inna yadda za ta yi."

Tsohuwar ta juyo da fuskarta gaba ɗaya, tana jira. Otilia ta kalli kafaɗar, yadda ta ɗage sama ta ƙanƙame. Ta san abin da take buƙata, ko dai ta san taƙaitawarsa.

"Ki je ranar Litinin da sassafe, Inna," in ji ta. "Layin ya fi sauƙi."

Bas ya tsaya. Wata mata ta turo keken jariri ta ƙofar gaba, ta zo ta ci karo da ƙafar, ta tsaya tana duban ta inda za ta bi. Traian ya yi ƙoƙarin janyewa, ya ja da ƙugu, bai samu ba. Otilia ta miƙa wa uwarta takardar, ta sunkuya, ta sa hannu biyu ta ɗaga ƙafar mahaifinta sama, ta riƙe ta a miƙe har keken ya wuce.